JAWABI KAN GYARAN MADAFI A TSOHON GIDA

 

An ce in yi bayani kan abin da ya shafi kuɗin da muke aikowa gida. Na zaɓi madafi, domin shi ne ɗakin da kowa ke cin albarkarsa, amma ba mai tunawa da shi sai ya faɗi. Da kaina zan fara.

Wata shekara ina Abijan, na aiko wa ƙanena kuɗi a gyara madafin tsohuwarmu. Ban tambayi magini ba, ban tambaye ta ba. Na ce a sayi siminti da ƙofar kwano, don mai wucewa ya san ɗanta yana aiko. Aka saya. Ranar da aka yaye rufi, sai aka tarar gara ta cinye azara, da hannu ake marmasa ta. Kuɗi sun ƙare, ɗaki a buɗe, ga damina ta kawo kai. Shekarar nan a ƙarƙashin zana tsohuwa ta yi tuwo, in hadari ya taso ta kwashe wuta ta ruga ɗakin kwana. Simintin kuwa ya sha laima ya daskare cikin buhu. Har yau in na tuna ina jin kunya.

To, abin da na koya ke nan: kada a fasa bango sai an gama lissafi. Tsohon gida ba ya nuna ciwonsa sai an buɗe shi.

Na farko, dubawa. A kira magini, a biya shi ladan yini guda ya duba kawai. Ya hau soro, ya soki kan azara da wuƙa inda ta shiga bango, don a nan gara da ruɓa suke farawa. Ya dubi gindin bango, ya dubi indararo. Wannan ɗan kuɗi shi ke tsare babban kuɗi.

Na biyu, a tambayi mai ɗakin. Ita ta san kusurwar da ke yoyo, ta san ta inda iska ke maido mata hayaƙi, ta san ko tukunyarta ta gidan mutum goma ce ko ta ashirin. Mu maza ba mu yini a can.

Na uku, jerin aiki. A fara da kai da ƙafa, wato rufi da gindi. Mu a Adar Allah ya ba mu dutse, a kan tudu yake kyauta, jigila kaɗai za a biya. A ɗaure gindin bango da shi. Bayan haka hayaƙi: a huda taga biyu a sama, ɗaya tana duban ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3 a shekarar 2020. Tarin da iyayenmu mata ke yi da jan idon nan, ba tsufa kaɗai ba ne. Sannan murhu: irin na laka da ake kira Albarka, ƙasa da kashin jaki da hannu kawai yake so, ga kuma Mai Sauƙi na ƙarfe a wurin maƙera. Dukansu sun fi duwatsu uku tanadin itace. Ado shi ne ƙarshe, in da saura. Kuma ku sani, siminti ba ya son bangon ƙasa: bayan ƴan shekaru yakan ɗago, ruwa ya shiga bayansa ya ci bango ba a gani. Yaɓe mai kyau kowace shekara ya fi shi.

Na huɗu, rabon kuɗi. Ba zan faɗi farashi ba, don na kasuwar Keita yau daban, na gobe daban. Amma ga shawarata. A ce abin da kake iyawa jikka 100 ne. Ba rufi da gindi jikka 40. Magini da ƴan aiki 20. Tubali, ruwan kwaɓa da amalanke 15. Taga da murhu 5. Sauran jikka 20 ka ɓoye, kada kowa ya san da su. Na abin da bango ya ɓoye ne. In lissafin magini ya wuce ƙarfinka, rage aikin, kada ka taɓa ajiyar. Daidai ruwa, daidai tsaki. A rubuta har abincin ƴan aiki da goro. Ko gayya aka kira, hura ba kyauta take zuwa ba.

Na biyar, lokaci. A buga tubali da kaka ko farkon ɗari, tun ruwa na kusa. Wanda ya bari sai bazara zai sayi ruwa da tsada, ya yi rige-rige da hadari. Duk mun ga yadda daminar 2024 ta rusa gidajen ƙasa a faɗin Nijar, har tsohon masallacin Damagaram bai tsira ba.

Na shida, itace. Kada a ce a shiga daji a saro. Dattawa sun tuna yadda tuddanmu suka koma tsirara kafin aikin Keita ya fara a 1984, sun kuma san guminsu da na matanmu da ya maido da itatuwan. A sayi sandunan bedi na halal, irin waɗanda ake samu daga layukan da aka fara shukawa a kwarin Majiya tun 1975, a sa kuɗinsu cikin lissafi.

Na ƙarshe, ga ƴan biɗa. Kada ku aiko kuɗin a dunƙule. Ba don ɗan uwa ɓarawo ba ne. Kuɗi a gida suna da masu kira da yawa: suna, biki, rashin lafiya, hatsi ya ƙare. Ku kasa uku: na kaya, na lokacin da bango ya tashi, na bayan an rufe. Masu aikowa daga Nijeriya ku yi lissafi da sefa, kada canji ya ci rabin rufin a hanya. A sa dattijo ɗaya shaida, ɗan makaranta ya rubuta kowace dala a littafi. Ku kuma iyayenmu, in ɗa ya ce ƙarfinsa rufi ne kaɗai bana, a sa masa albarka, a bar saura baɗi.

Ina roƙon ƙungiya ta duba ko asusunmu zai ɗauki madafin gwauraye mata da tsofaffin da ba su da kowa a waje, ko biyu ne a shekara.

Inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya mai da ƴan biɗa gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya raya Ibohamane.