Haɗarin Koyon Tuƙin Ƙananan Jiragen Sama

Jama'a, duk wanda ya zauna a Zariya ya saba ganin ƙananan jiragen sama suna kewaya gari, su sauka, su tashi, su sake sauka. Na 'yan koyo ne na makarantar horar da ma'aikatan jirgin sama, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Irin wannan jirgi galibi injinsa ɗaya ne, watau in ya mutu babu na biyu, kuma sau da yawa wanda ke riƙe da shi ɗalibi ne da bai daɗe da fara tashi shi kaɗai ba.

Haɗarin ya fi aukuwa kusa da ƙasa, wajen tashi da sauka. Dalili kuwa shi ne, iskar da ke bi ta kan fikafikai ita ke ɗauke da jirgi. In ɗalibi ya rage gudu ƙwarai, ya kuma ɗaga hancin jirgin fiye da kima, sai iskar ta daina ɗaukarsa, ya rikito. A can sama wannan ba kome ba ne, da gangan ma malamai kan sa a yi shi, don ɗalibi ya koyi maganinsa, watau ya sunkuyar da hancin ya ƙara wuta. Amma in abin ya same shi sa'ad da yake karkatowa zai sauka, da 'yar rata kaɗan tsakaninsa da ƙasa, to, sai wani ikon Allah.

Sa'an nan ga hazon hunturu. Sabon ɗalibi da idonsa yake tuƙi, yana duban inda sama ta haɗu da ƙasa. In ƙura ta rufe wannan, jikinsa sai ya yaudare shi, jirgi na karkace shi kuwa yana jin a miƙe yake. A 1954 an gwada matuƙa 20 a Jami'ar Ilinoyi ta Amurka, waɗanda ba a koya musu tuƙi da na'urori kaɗai ba. Da aka hana su ganin waje, a matsakaicin lissafi cikin daƙiƙa 178 jirgi ya ƙwace musu. Saboda haka malamin da ya hana tashi ran hazo ba tsoro ya ji ba, aikinsa ya sani.

Sauran maganar kuwa ta maƙwabtan filayen jirgi ce. Juji da mahauta kusa da fili suna tara ungulaye da shirwa, tsuntsu ɗaya kuwa ya isa ya fasa gilashin ƙaramin jirgi. Hayaƙin ƙona daji yana ƙara wa hazo duhu. Dabbobi ma haka. A 2005 wani babban jirgin fasinja da ya taso daga Faransa ya afka wa shanu a filin Fatakwal, har ya lalace, balle jirgi mai kujera 4. Lalle makiyaya su nisanci shinge, iyaye kuma su hana yara ratsa titin jirgi.

In kuwa jirgi ya sauka a gona ko a daji, a taimaki waɗanda ke ciki, kada a kusanci farfela, kada a ƙyasta ashana, domin mansa yana iya kamawa da wuta. A sanar da 'yan sanda nan da nan. Kada kowa ya ɗauki ko da ƙusa ɗaya, don da waɗannan tarkace ne masu bincike ke gano abin da ya jawo haɗarin.