Ma'anar azumin kwana 40 na Kirista

Ga taƙaitaccen jawabin da wani limamin ɗariƙar Katolika ya gabatar a Agadas, gaban Kirista da maƙwabtansu Musulmi.



Azumin Kirista, wanda ake kira Karem, yana somawa ran Larabar Toka, ya ƙare a jajibirin idin Paska. Kwana 46 ke nan. In an fid da Lahadi 6, saura 40, adadin kwanakin da Isa Almasihu ya yi cikin hamada ba ci, Shaiɗan yana jarraba shi da abinci, da mulki, da neman suna. Ginshiƙansa uku ne: addu'a, da kame baki, da sadaka.

Mutumin Agadas ba ya bukatar a fassara masa hamada. Madugun da zai ratsa Tenere zuwa Bilma ya san cewa kayan da ba su da amfani su ke kashe raƙumi. Tuba ke nan: mutum ya sauke kayansa, ya duba, ya yar da abin da zai halaka shi a hanya, ko gaba ce, ko haƙƙin wani.

Tokar da ake shafa wa mai bi a goshi, ta ganyen dabinon da aka ɗaga bara ce, aka ƙone. Tana tuna masa cewa daga ƙasa ya fito, can zai koma. Wannan gari ma ya san irin wannan toka. Bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, a nan ne aka cinna wa makaman tawaye wuta ran 25 ga Satumba 2000. Amma a 2007 bindiga ta sake tashi a Ayar. Ashe ƙona makami ya fi sauƙi bisa ga ƙone abin da ya sa aka ɗauke shi.

Don haka azumin da ya tsaya ga barin nama ran Juma'a bai kai ko'ina ba. A Oktoban 2013, mutum 92, akasari mata da yara, ƙishirwa ta kashe su arewa da Arlit. Abin da mai azumi ya hana wa cikinsa, rabon irin waɗannan matafiya ne da ke kwana a tashoshinmu.

Kiran ya haɗa da masu mulki da ƴan siyasa: wanda ya ci dukiyar talaka, tubarsa ita ce ya mayar. Ba a wanke hannu da toka a ci gaba da riƙe abin sata.

Allah ya karɓi tubar kowa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.