Jawabin kwamitin radiyo a babban taron ƙungiya

Maigari, Allah ya ja zamaninka. Malam liman, Allah gafarta malam. Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, samari da ƴan mata, da ƴan'uwanmu da sunka zo daga Maraɗi da Yamai, barkanku da zuwa.

Mu uku kunka naɗa a taron da ya wuce. Kunka ce mu binciko maganar radiyon nan da a ke magana da shi, ba wanda a ke saurare kaɗai ba, mu gaya maku ko ya dace a sa kuɗin asusu a ciki. Mun bincika. Amsarmu ita ce kada a saya bana, amma kuma kada a yar da maganar. Ku yi haƙuri da mu, dalilin yana da ɗan tsawo.

Kowa ya san abin da ya tada zancen. A ƙarshen watan Agusta na 2024, sa'ad da ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi, mu ma nan gulbi ya yanke hanya, rezo ya ɗauke kwana uku. Cikin kwanakin nan naƙuda ta tsananta ma wata ɗiyarmu. Sai da yaro ya hau moto da dare ya tahi tudun gabas, yana ɗaga salula sama, kahin ya samu kiran motar asibiti, anka kai yarinyar bakin gulbi da amalanken shanu. Allah ya kiyaye, uwa da ɗa suna nan lahiya. Tun ranar mutane ke cewa mu nemi hanyar da ba ta rataya ga rezo ba. Gaskiyarsu.

Abin da a ke ce ma radiyo-amater da Faransanci, mu mun kira shi radiyon masu sha'awa. Mutane ne kamar mu, ba ma'aikatan gidan radiyo ba, ba soja ba, waɗanda ke koyon aikin don sha'awa, su aje na'ura a ɗaki su yi magana da irinsu. Abin ya daɗe. A 1912 gwamnatin Amurka ta ga sun yi yawa, ta tura su zangunan da ba su wuce metir 200 ba, don a lokacin ana zaton gajeren zango ba ya zuwa ko'ina. Kamar a nuna ma mutum fako a ce ga gonarka. Sai ga shi a watan Nuwamba na 1923 wani Bafaranshe, Léon Deloy, daga birnin Nis, ya yi musayar saƙo da wani Ba'amurke, Fred Schnell, ƙetaren teku. Ashe fakon nan fadama ce. Ran 18 ga Afrilu 1925 sunka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Paris.

Dattawan da sunka daɗe suna murɗa akwati neman BBC ko Muryar Jamus sun san metir 41 da metir 31. To, ɗaya daga cikin zangunan masu sha'awa, metir 40, maƙwabcin metir 41 ne, iyakarsu ɗaya kamar gona da gona.

Abu na farko da munka gano: ba a magana da wannan na'ura sai da takardar izni. Kowane mai izni yana da laƙabin kira, farkon laƙabin kuma yana nuna ƙasarsa. Nijar 5U, Najeriya 5N, Mali TZ, Burkina XT, Benin TY, Cadi TT. Hukumar da ke raba zangunan iska a ƙasarmu ita ce ARCEP, a Yamai. Ga kuma ƙa'idodi. Ba ciniki, ba kiɗa, ba zaurance; abin da ka faɗa kowa mai akwati yana jin sa. Wanda ke tsammanin za ya riƙa tambayar kuɗin wake a kasuwar Jibiya da shi, ya cire rai. Isar da saƙon wani mutum zuwa wata ƙasa ma an ƙuntata shi, sai lokacin bala'i. A irin wannan lokaci kuwa abin ya taɓa yin rana: a Disamban 2004, da igiyar teku ta auka ma tsibiran Andaman na Indiya, masu sha'awar da ke can sun yi kwanaki suna isar da saƙon mutane.

Muna roƙon samari su saurara nan. Mun san wasunku sun ga ƴar oba-oba, wadda a ke ce ma talki-walki, a kasuwa da araha. A halin tsaron da mu ke ciki, yaron da anka tare a hanya da ita cikin aljihu ba takarda, kun san irin tambayar da za a yi masa. Banda haka ma ba za ta biya mana bukata ba. Ƙarhinta wajen wat 5 ne, zangonta kuma yana tahiya miƙe kamar ganin ido. Tudu ya tare ta, nisa ya kashe ta. Za ta haɗa ka da mai gona a bayan gari, ba za ta kai Maraɗi daga nan ba.

Mai kaiwa nesa shi ne akwatin gajeren zango. Yawanci ƙarhinsa wat 100 ne, yana aiki da batir mai bolt 12, amma sa'ad da a ke magana yana jan wajen amper 20. Wato sai da babban batir da pano mai cika shi da rana. Sabo mai kyau yana iya cin kuɗin babban sa, ko ma ya hi.

Yanzu bari mu zo ga antan, don nan ne munka hi jin mamaki. Mun ɗauka akwatin shi ne kome. Ashe akwati mai tsada da mummunar antan, mai arha da kyakkyawar waya ya hi shi. Antan ɗin da kowa ke farawa da ita kuwa ba wani abu ba ce illa wayar jan ƙarhe guda biyu, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu, igiyar da ke zuwa akwati ta kama su a tsakiya. Abin da ba a wasa da shi shi ne awo. Ɗaliban kwaleji, ku rubuta: a raba 143 da yawan megaherz, abin da ya hito shi ne tsawon wayar duka da metir. Zangon metir 40 yana tsakanin megaherz 7 da 7,2. In munka ɗauki 7,1, waya za ta zama metir 20 da ƴan kai, metir 10 kowane gehe. Zangon metir 20 yana wajen megaherz 14, wayarsa rabin wancan ce. In awo ya ɓaci, ƙarhin da akwati ya tura ba ya hita duka, sai ya komo baya, har ya iya ƙona na'urar.

Yaya waya metir 20 za ta kai murya wata ƙasa? Can sama, wajen kilometir 300, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke sauya wa hali har ya riƙa maido gajeren zango ƙasa, kamar yadda madubi ke maido haske. In an ɗaure waya bisa ƙwarai, saƙo yana hita a kwance, ya bugi can nesa, ya sauka Turai. Amma a hanya sai ya tsallake na kusa. Kana jin mutumin Italiya rangaɗau, na Tasawa ko motsinsa. In kuwa anka ɗaure ta ƙasa-ƙasa, metir 5 ko 6 bisa ƙasa, saƙo yana tashi sama tsaye, ya zubo kamar ruwan sama a kewaye har ɗaruruwan kilometir. Wannan ce irin tamu, don Damagaram da Tawa da Maraɗi duk suna ciki. Da rana metir 40 ke wannan aiki. Da dare sai a koma metir 80, wayarsa kuma ninki biyu ce. Tsakanin gawon bakin lakwal da dogon yaron gidan maigari mun auna, hilin ya isa.

Gargaɗi biyu kan waya. Kada ta kusanci wayar kuran ko kaɗan. In hadari ya taso kuma, a cire igiyar daga akwati a jefa ta waje, don tsawa ba ta tambayar mai izni.

Hanyoyin aika saƙon ba ɗaya ba ne. Ta dā ita ce Mors, wato ƙara gajera da doguwa, irin ta ma'aikatan gidan waya na zamanin baya. Tun 2003 dokar duniya ta daina tilasta koyonta, amma har yau ana yin ta, don tana ratsa hayaniyar da murya ba ta iya ratsawa. Sai murya, da hanyar da a ke kira SSB. Akwatinmu na gida ba ya warware ta. In ka murɗo kanta sai ka ji kamar agwagwa na kuka cikin tulu, dole sai mai maɓallin SSB. A 2017 kuma Joe Taylor, masanin Amurka da ya samu lambar Nobel a 1993, tare da abokinsa Steve Franke, sunka hito da FT8. Kwamfuta ce ke aikawa, kowane gehe sakan 15, tana kai nesa da ƙarhi kaɗan, sai dai abin da ta ke ɗauka ƴan haruffa ne: laƙabi, wuri, da ƙarhin saƙo. Ba a kiran ungozoma da ita. Akwai ma tauraron ɗan Adam na Katar da anka harba a Nuwamban 2018, masu sha'awa na ce masa QO-100, wanda Afrika duka ke ƙarƙashinsa. Wannan mun bar ma jikoki.

To ga babban dalilinmu. A ce mun samu izni, mun saida sa, mun ɗaure waya. Dare ya yi, rezo ya ɗauke, mun ɗauki abin magana mun yi kira. Wa za ya amsa? Salula tana da lamba, ta yi ƙara a aljihun mutum ko barci ya ke. Wannan ba haka ya ke ba. Sai in akwai wani zaune gaban nasa akwatin, a kan zango ɗaya da naka, a daidai lokacin. Masu sha'awa a ƙasarmu kaɗan ne ƙwarai, har ƴan waje ke marmarin jin 5U. A watan Maris na 2017 wata tawaga ƙarƙashin ƴan Spaniya ta zo Yamai takanas, ta yi kwanaki tana aiki da laƙabin 5U5R, don mutanen duniya su samu rubuta Nijar cikin littattafansu. Wato ranar da munka buɗe baki, Turawa za su yi mana ca, kowa na son gaisawa. Amma a daren naƙuda ba Bature mu ke nema ba. Muna neman mutum ɗaya a Maraɗi, mai izni, mai akwati, wanda ya san ƙofar asibiti. Akwati ɗaya a garin nan ba ya maganin kome. Sai biyu, da mutane biyu da sunka koya, da lokacin da anka tsaida kullum.

Shi ya sa munka tuna da radiyo-kulob. An kafa ƙungiyarsu a Nijar a 1962. Wasu dattawan da ke zaune nan sun ga zamaninsu: gari ya taru kewaye da akwati ɗaya, a saurari shiri, a tattauna, mai kula ya ɗauki maganar mutane a aika Yamai, wata rana su ji muryarsu ta hito. Aikinsu daban ne da wanda mu ke zance, amma yadda sunka fara shi ne abin koyi, da saurare da taruwa. Masu sha'awa ma ko'ina kulob-kulob su ke, sabo ya zauna kusa da tsoho yana ji, kahin a miƙa masa abin magana.

Ga abin da mu ke roƙon taro ya yarda da shi. A ba mu kuɗin ƙaramin akwatin saurare mai SSB, da waya metir 21, da babban kaye. Kuɗin duka bai kai na tunkiya ba. Ma'aji ya riƙe sauran. Sakatare ya rubuta ma ARCEP takarda da sunan ƙungiya, ya tambayi sharuɗɗan izni ga kulob. Kahin a ɗaure ko da taƙi ɗaya na waya, maigari ya sanar da magajin gari da jandarmomi, a nuna masu cewa saurare kaɗai mu ke yi. Ƴan'uwanmu na Maraɗi kuma, ku ne rabin maganar nan. Ku zaɓo mana mutum biyu daga cikinku waɗanda za su koya tare da namu. In ba ku samu ba, gara mu sani tun yanzu. Muna son ƴan mata cikin masu koyo, don ɗaliban da sunka hi jin Faransanci da Ingilishi a garin nan ba duka maza ba ne, yawancin zancen iska kuwa da waɗannan harsuna a ke yin sa.

Maganar damana mai zuwa kuwa ba za ta jira wannan ba. Mun ba da shawara a aje salula ɗaya gidan ungozoma mai layin kamfani biyu, kullum a cike, da moto guda da a ke sanin mai shi kowane mako.

In taro ya yarda, kowace Juma'a bayan la'asar za mu zauna ƙarƙashin gawon lakwal. Duk laƙabin da anka ji a rubuta shi cikin kaye, da ranar, da sa'ar, da zangon. A taron bayan girbi za mu kawo kayen gabanku ku duba, sannan a sake maganar sa. Mai tsani dogo ya aro mana shi ran Alhamis.