Da yatsana na nemo sunanta

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, Malama, mazajenmu da suka daure suka zo, 'yan uwana 'yan kasuwa, da ku 'ya'yanmu da ke zaune nan gaba, barkanmu da wanga taro.

Wagga takarda da ke hannuna ni na rubuta ta da kaina, dare uku ina fama da ita. In kun ji na yi tuntuɓe a wata kalma ku yi mini haƙuri, sai da na kai shekara 38 na fara riƙe fensir.

An ce in yi magana a madadin iyayen yaran da jami'a ta yaye bana. Su 6 ne cikin 'ya'yan wagga ƙungiya, mata 4, maza 2. Biyar daga Jami'ar Tarayya ta nan Birnin Kebbi, ɗaya daga ta jiha da ke Aliero. Cikin biyar ɗin akwai ɗiyata ta fari.

Ran bikin yayewa ban buɗe rumfa ba, abin da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Muna gama sallar asuba muka kama hanyar Kalgo, ni da ƙanwata da kular shinkafa da miya. Wurin ya cika maƙil, ga masu hoto, ga masu ruwan leda, ga motoci har bakin hanya. Muka samu kujera can baya ƙarƙashin rumfa. Sai ga malamai sun shigo a jere, riguna har ƙasa, wannan ja, wancan shuɗi, kowa da irin hularsa. Aka yi ta jawabi da Turanci. Gaskiya ban tsinci kome ba sai sunan Kebbi in an ambata, amma in an tafa ina tafawa.

Ni a zatona yadda ake yi a walimar saukar Alƙur'ani haka za a yi, a kira yaro da sunansa ya fito a gan shi. Na kasa kunne, na shirya guɗata. Ashe yaran sun fi ƙarfin haka. Tsangaya tsangaya ake kira, su miƙe gaba ɗaya, a faɗi abin da za a faɗa, su zauna. Waɗanda suka yi zarra kaɗai ake kira ɗai-ɗai. Ɗiyata tana ciki, amma duk riga ɗaya, hula ɗaya mai faifai da tuntu, wa zan gane? Raina ya sosu, ba zan ɓoye muku ba. Na ce yanzu shekara da shekaru ina turara shinkafa, hayaƙi na cin idona, ko sunanta ba zan ji ba?

Wani dattijo da ke kusa da ni yana riƙe da littafin da aka buga sunayen yaran. Ya ga ina leƙe, sai ya ce, “Hajiya, faɗa mini sunan in duba miki.” Na ce, “Na gode Alhaji, ara mini dai in gwada.” Na buɗe, na nemo sashen tattalin arziki, don wannan kalma ta sha rubuta mini ita da Turanci har na haddace kamanninta. Na sa yatsa ina bi layi layi. Na kai ƙarshe, babu. Gabana ya faɗi. Sai na tuna a makaranta sunan uba ke gaba. Na sake komawa sama, ina harhaɗa baƙaƙe yadda Malama ta koya mana, a hankali, leɓena na motsi. Sai ga sunan maigidana, ga nata a bayansa. Jama'a, guɗar da na rangaɗa sai da layi uku suka waiwayo, ana tsakiyar jawabin wani babban mutum. Ƙanwata ta ja mini mayafi. Ban ji kunya ba, har yanzu ban ji ba.

Wannan suna bai hau takarda da araha ba. A 2019 ta shiga, karatun shekara 4 aka ce mana, ya ci kusan 6. A 2020 korona ta rufe makarantu, malaman jami'a kuma suna yajin aiki tun watan Maris har Disamba. A daminar shekarar ambaliya ta cinye fadama daga Argungu har Bunza da Bagudo, shanshera ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. A 2022 aka sake wani yajin, Fabrairu zuwa Oktoba, wata 8 cur yarinya na zaune gida. A lokacin ne dangin ubanta suka fara zuwa da maganar aure, ana cewa zaman mi take yi. Farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, kana da kuɗi a banki ba ka da na cefane. Ba mu farfaɗo ba aka cire tallafin man fetur a watan Mayu, kuɗin motar Kalgo ya ninka.

Sau biyu cikin waɗannan shekaru lokacin rajista ya zo ba ni da ko rabin kuɗin. Duka biyun asusun karatu na wagga ƙungiya ya fid da ni, na biya a hankali, tiya tiya, ba ruwa a kai. Sauran iyayen nan biyar kowace tana da irin labarinta. Ɗaya cikinsu ba ta ga wannan rana ba, Allah Ya jiƙanta, ɗanta ga shi nan zaune, bashin da ta bari kuma kun yafe shi tun ran sadakar bakwai.

Abin da ya sa na ja maganar asusu, kun san bayan cin abinci za a kaɗa ƙuri'a a kansa. Wasu 'yan uwa sun kawo shawarar a raba kuɗin kowa ta ƙara jari, don kasuwa ta yi nauyi. Ban ga laifinsu ba, ni ma buhu 5 nake saye da, yanzu 2 ke gagara ta. Akwai kuma mai cewa ga masu digiri nan suna kabu-kabu a gari, mi karatun ya tsinana? Ita ma ba ƙarya ta yi ba. Ni ba zan tsaya nan in ce muku aiki na jiran yaran nan ba. Hidimar ƙasa za su tafi ta shekara 1, abin da ke bayanta Allah Ya sani.

Amma ga abin da na gani a rumfata. Lokacin yajin aikin nan ɗiyata ta zauna da ni wata guda tana rubuta duk abin da ya fita da wanda ya shigo. Ni kuɗin shanshera da na inji kawai nake cirewa, sauran in ce riba ce. Ta sa kuɗin itace, ta sa na ruwa, na dako, na mota, da tiyar da nake ɗiba in kai gida. Sai ga shi a kowane buhu abin da nake kira riba rabinsa ba nawa ba ne. Shekara 15 ina wannan sana'a ban sani ba. Da na gyara, da shi na biya bashin ƙungiya na biyu.

Lokacin da aka yi mini aure babu jami'a ko ɗaya a jihar Kebbi, sai an tafi Sakkwato. Ta Aliero a 2006 aka kafa ta, ta nan a 2013. Da, uba kan ce ba zai tura ɗiya nesa ba. Yanzu nisan ya kau, kuɗi ne suka rage, kuma su ne muke da iko a kai. Akwai yara 3 na mambobinmu da suka samu gurbi bana. In an raba asusun, abin da kowace za ta samu bai kai rabin buhu ba, su kuwa biyu cikinsu na san ba za su tafi ba.

Ku kuma 'ya'yanmu, ina da roƙo. Malama ta ba mu labarin Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864. Ta ce matan da ta koyar, jajis, takan ɗora musu malfa da jan rawani, sannan su koma ƙauyuka su koyar da mata 'yan uwansu. Da na ga hulunanku ran biki ita na tuna. Ajinmu na yaƙi da jahilci mu 30 ne, malama ɗaya, allo ɗaya. Kafin a kira ku hidimar ƙasa, kowa ya ba mu Asabar ɗaya a wata, bayan la'asar. Mu lissafi muka fi so, da karanta saƙon banki a waya, don har yau akwai masu miƙa wa yaron shago waya ya duba musu ko kuɗi sun shigo.

Hajiya Shugaba, da izininki su shidan nan su miƙe a gan su. Sunayensu na nan a bayan takardata, zan kira su ɗai-ɗai, ni zan karanta. Masu guɗa ku shirya.