Babban shiri daga ƙaramin mafari

Sharhinmu na yau kan zane mai motsi ne, wato katun.

A Amurka akwai shirin The Simpsons, labarin wani magidanci mai suna Homer da matarsa Marge da 'ya'yansu uku. Matt Groening ne ya ƙirƙiro shi, kuma a 1987 gajerun zane ne kawai na ɗan taƙaitaccen lokaci da ake sakawa a tsakiyar shirin Tracey Ullman. Zanen ma bai goge ba. Sai a Disamban 1989 tashar Fox ta ba shi rabin awa nasa na kansa, kuma har yau ana yin sa. Abin da ya riƙe shi shi ne masu kallo sun ga gidajensu a ciki.

Mu ma mun shaida haka. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya shiga zukata ne saboda kowace unguwa tana da nata Kamaye da Adama, irin na cikin shirin. A fagen katun kuwa, Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino daga Abuja, ya nuna ɗan ƙasa zai iya.

To, ina namu na Hausa? Yaranmu a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suna kallon katun a waya da harshen da ba nasu ba, alhali ga masuntan Tiga, ga dajin Falgore, ga kasuwar Kwanar Dangora, duk cike da labari.

Matasa masu zane, ku fara da minti ɗaya. Masu hali da gidajen talabijin, ku tallafa musu. Allah ya ba da sa'a.