A Buga wa Bututu Lambarsa

Minti ashirin aka ba ni.

Kowa a ɗakin nan ya san bindiga mai sakata, wadda ake jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi. Kun kuma san labarin MG 42 ta Jamus, da ake zare wa bututu ana tsakiyar faɗa don ya ɗau zafi. Wannan ciwon bindiga mai aman wuta ne, mu bar shi. Mai sakata dalili biyu ke sa a sauya mata bututu: ko wutar albarushi ta cinye maƙogwaronsa, ko mai ita na son harba harsashi iri-iri da bindiga guda.

A da, wannan aikin maƙeri ne. Bututun a murɗe yake cikin uwar bindigar, a ɗaure tam, kuma akwai wata 'yar tazara tsakanin fuskar sakata da inda harsashi ke zama wadda ba ta yafe kuskure. Ta yi kaɗan, sakata ta ƙi rufuwa. Ta yi yawa, kwanson ya miƙe, yana iya tsagewa a fuskar maharbi. A harsashin .308, bambancin ma'aunin da ke cewa "ya yi" da wanda ke cewa "bai yi ba" kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kaurin takardar nan da ke hannuna. Savage 110 ta Amurka, tun 1958, ta rage wahalar da noti mai kulle bututu, amma ko ita sai an auna.

Inda nake so ku tsaya shi ne Blaser R93, da aka fitar a Jamus a 1993, da magajiyarta R8 ta 2008. Abin da suka yi shi ne mayar da kullen cikin bututun kansa. Sakata ba uwar bindiga take kamawa ba, gindin bututu take kamawa. Ke nan tazarar nan an gama da ita tun a masana'anta, tana tafiya da bututun duk inda ya je. Madubin saiti ma a kan bututu yake zaune. Ka kifa bindigar a tebur, ka kwance noti biyu a ƙasan marikin gaba, ka ɗaga bututu da madubinsa, ka ɗora wani. In girman harsashin ya sha bamban, ka sauya kan sakata, shi ma da hannu. Kafin shayinka ya huce ka gama. To ku gaya mini, me ya rage a uwar bindigar? Ƙota da kunama. Duk abin da ke ɗaukar ƙarfin fashewa, duk abin da ke taɓa harsashi, yana cikin abin da aka cire.

Kuma masu binciken laifi a cikinku sun fi ni sanin abin da hakan ke nufi. Tsagin cikin bututu shi ke zana dalmar da likita zai ciro. Fuskar sakata ita ke buga tambarinta a gindin kwanso. A sauya waɗannan biyu, lambar da ke jikin uwar bindiga ta zama lambar mota a jikin wata motar.

Na taɓa faɗin haka a wani kwamiti, wani babba ya yi murmushi ya ce waɗannan kayan attajiran Turai ne, mu damuwarmu AK-47 ce da ƙirar gida. Na ji. Amma masu gasar harbi a Norway da Sweden da Denmark da Sauer 200 STR suke harbi, mai bututun sauyawa, kuma ba attajirai ba ne. A 2019 rundunar musamman ta sojan Amurka ta zaɓi Barrett MRAD, bindiga guda mai ɗaukar harsashi iri uku. Abin da soja ya saya yau, gobe a kasuwa za ka gan shi, kuma dokar makamai ta Nijeriya 'yar 1959 ce.

Hanya biyu ce a gabanmu. A dokar tarayyar Amurka uwar bindiga ce bindiga, bututu kuwa ƙarfe ne da za a aiko maka ta gidan waya. Tarayyar Turai tun 2017 ta ce a buga lamba a kowane muhimmin sashe, har da bututu da sakata, kuma a Jamus bututun sauyi sai an shigar da shi cikin katin mallaka. Ni ta Turai na bi, kuma na daɗe a kai.

Saboda haka takardar rajista ta samu gurbi uku, na uwa, na bututu, na sakata. Kowane bututu a harba shi sau ɗaya a ajiye dalmarsa kafin a ba da lasisi. Jami'in kwastan da ya buɗe akwati ya ga bututu shi kaɗai, ya rubuta bindiga, kada ya rubuta kayan gyara. Shugaban taro ya ɗago agogo, na gani.