Jawabin magatakarda a taron zagayowar shekarar ƙungiya, Tchamba

Shugaba, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, baƙinmu na Sokode da Dapaong, sannunku da hanya.

Lissafin kuɗi yana shafi na gaba, kowa ya duba. Mu yau maganar 'yan mata muka kawo.

Tun 2008 gwamnatin Togo ta soke kuɗin lakwal na firamare, a 2021 kuma ta ɗauke na kolej da lise. To me ya sa har yanzu idan muka bi ta Kambole ko Koussountou ranar aiki muke ganin yarinya da faranti a ka, ƙaninta kuwa yana aji?

Dalili ɗaya da muka sha gani shi ne takardar haihuwa. Yarinya ta yi shekara 6 tana karatu, ta kai ajin ƙarshe, sai a ce ba ta zama jarrabawar CEPD sai da takarda. An haife ta a gona, kwana 45 na rajista sun wuce tun tuni, yanzu sai an je kotu. Uba ya lissafa kuɗin mota da na takardu, ya ce ta zauna gida. Ba a jima sai wata "inna" ta zo da alkawarin aiki a Lome, Kwatano ko Legas, wani lokaci har Gabon.

A nan, iyayenmu, ku gafarce mu: a motar wa take fita? A cikin motocin da ke ɗauke da doyarmu da masararmu. Mun san hanyar Bassila fiye da jandarma. Tun 2005 akwai dokar hana fataucin yara, amma dokar ba ta zama a gidan gaba; mu ke zama.

Saboda haka kwamiti ya kawo shawara biyu. Kada ɗan ƙungiya ya tsallaka iyaka da yarinyar da bai san iyayenta ba, ko da 'yar'uwa ce ta roƙa. Sannan kowa ya riƙa zuba dala 20 ranar kasuwa, mu biya wa yaran ƙauyukan da muke sayen hatsi kuɗin kotu. Jarirai kuwa, tun Janairun 2022 rajistarsu kyauta ce. Ku faɗa wa masu sayar muku da kaya.

Littafin sa hannu yana bakin ƙofa, bayan sallar la'asar.